Zoben da Ya Ƙi Shiga Gidanmu

Wanda ya bi hanyar Jega zuwa Maiyama a yau zai ga gida a kwance a bakin titi, gunduwa-gunduwa, yana jiran mai saye. Ga bulo a jere ana ba shi ruwa, ga ƙofofi da tagogin ƙarfe an jingine su da dogonyaro jan fentinsu bai gama bushewa ba, ga sandunan siminti da ake gittawa a kan ƙofa, ga zobban rijiya ɗaya bisa ɗaya. Mutum yana iya tsayawa da mota ya sayi rabin gidansa tun bai haƙa harsashi ba. 'Ya'yana ba su ganin abin kallo a nan. Ni kuwa, ko da yake na cika hamsin, har yanzu nakan rage gudu in duba, domin na riski lokacin da ba haka ake gini ba, na kuma ga ranar da wannan sabon tsari ya iso ƙofar gidanmu ya tsaya cak.

A gidan da na tashi a Maiyama, duk abin da aka gina a cikin gidan aka yi shi. Jakuna ke kawo ƙasa daga kududdufi a mangala, a zube ta a tsakar gida, a kwaɓa da ƙafa, a dunƙula tubali a shanya shi a inda za a yi aiki da shi. Magini yakan bar ƙofa gwargwadon idonsa da tsayin mai gida, sa'an nan kafinta ya zo da igiya ya auna gurbin, ya je ya yi ƙyauren da zai dace da shi. Shi ya sa ba za ka sami ƙofa biyu masu faɗi ɗaya a unguwarmu ba. In ban da azara, wadda tsawo gare ta ba faɗi ba, ban taɓa ganin an shigo da wani sashen gini daga waje ba.

Canjin ya fara ne a kan idona, lokacin da na gama jami'a na kama koyarwa a wata sakandare a Jega. 'Yan kwangilar hanya ne suka zo da ƙarafan zubi, suna zuba kwalbati a gefen titi. Da aikinsu ya ƙare suka tafi, amma leburorinsu 'yan gari ne, kuma abin da suka gani bai fita daga kansu ba. Wani ya sa mai walda ya yi masa irin ƙarfen, ya kafa rumfa kusa da gulbi inda yashi ke da sauƙin samu. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa suka koya, suka buɗe nasu. Daga Jega abin ya bi hanyar Aliero, inda masu albasa ke gina shaguna suna so a gama kafin kaya su fito, daga baya ya gangaro wajenmu. Ba a yi shela ba, ba a kira taro ba. Kowa dai ya ga ginin maƙwabcinsa ya tashi da sauri, ya tambayi inda aka saya.

Rijiyar gidanmu kakana ne ya haƙa ta, a sashen Inna, kusa da bangon ɗakinta. Ba ta da wani ɗauri in ban da marmara da aka jera a wuyanta da itacen da aka gitta a baki. Inna kuwa sana'arta gumi: ta jiƙa shinkafa da ɓawonta, ta turara ta a manyan tukwane, ta shanya, a kai inji. Aiki ne mai cin ruwa ƙwarai. Ba ta fita, kamar yawancin matan zamaninta, amma daga wannan tsakar gida ta yi wa ƙannena mata kayan ɗaki, kuma dillalan Jega sun san shinkafarta da ido. In ka cire rijiyar nan, ka cire sana'ar.

A wata bazara, bayan damina mai ƙarfi ta wuce, tsohon mahaƙin da ke yashe mana rijiyar kowace shekara ya sauka kamar yadda ya saba. Bai daɗe ba ya girgiza igiya aka jawo shi. Ya ce ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashin marmarar, ta yi kogo har wajen ɗakin Inna. Ya ce in ruwan sama ya sake jiƙa ta, rijiyar za ta zauna, kuma ba ita kaɗai za ta tafi ba. Ko a cike ta, ko a ɗaure ta kafin ruwan farko. Shi dai ba zai ƙara sauka ba.

Inna ta kife tukwanenta a gindin bango, ta daina jiƙo. Da na zo gida ƙarshen mako na iske tsakar gidan shiru, babu hayaƙi, babu ƙamshin nan na turarin shinkafa da na tashi a cikinsa. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana. Amma kifaffun tukwanen sun isar da saƙon.

Ni na kawo shawarar zobe. Na sha tambayar kaina daga baya, shin don Inna na yi ɗokin abin, ko don ina so a ce ni na fara kawo shi unguwarmu? Ina jin duka biyun suna ciki, kuma ban san yadda ake raba su ba. Baba malami ne mai karantar da manya a zaure da safe, manomi da rana, mutum mai auna magana kafin ya sake ta. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya zaro karan dawa mai tsawo daga danni, ya gitta shi a bakin rijiyar, ya yanke daidai faɗinta. Ya miƙo mini ya ce in kai wa mai zubin, ya yi mana zobe daidai da wannan.

Haka na ɗaure karan a babur na tafi da shi Jega, ina kaffa-kaffa kada ya karye. Mai zubin ya karɓa ya jujjuya shi, ya yi murmushi.

"Malam, mu nan awo ɗaya gare mu," in ji shi. "Ƙarfe ɗaya na, shi ka zuba na kowa. Ba zobe ka bin rijiya ba, rijiya ka bin zobe."

Ya ɗora karan a kan wani zobe da ya bushe. Karan ya ɗara shi. Ya ce to madalla, zai shiga, abin da ya rage a baya sai a cike da tsakuwa. Na dawo gida da murna na shaida wa Baba. Shi ma ya ce madalla.

A nan ne ya kamata in gabatar da Baffa. Gidansa da namu katanga ɗaya ce ta raba su. Mahaifinsa da mahaifiyar Baba wa da ƙanwa ne, saboda haka shi da Baba taubasai ne, kuma bisa al'ada shi ɗan namiji shi ne ubangiji, Baba ɗan mace shi ne bawa. Baffa dillalin albasa ne da ke zirga-zirga tsakanin Aliero da kudu, mai ƙiba, mai murya, wanda ake jin dariyarsa tun daga bakin masallaci. Duk garin ana ce wa Baba Malam a rusuna. Baffa kaɗai ke ce masa "bawana", a gaban almajiransa masu furfura, kuma Baba ba shi da ikon yin fushi. Shi ne ya samo mana motar albasa da za ta dawo fayau daga Jega, aka loda zobban a ciki.

Ranar da suka iso, unguwa ta fito. Aka jingina katako a bayan mota, aka zuba tsofaffin tayoyi a ƙasa, aka gangaro da su ɗaya bayan ɗaya ana kabbara. Kowane zobe in an tsayar da shi a kan gefensa ya kai mini ƙirji, nauyinsa kuwa sai majiya ƙarfi sun taru. Aka mirgino na farko zuwa zaure. Ya shiga ƙofar waje da ƙyar, yana kankare yaɓe ta gefe biyu. Sa'an nan ya tsaya.

Zaurenmu irin na da ne. Ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, an karkata ta gefe don kada mai wucewa ya hango tsakar gida, kuma an yi ta ƙarama, sai mutum ya sunkuya. Wani ya auna ta da hannu, ya auna kaurin zoben, ya sake auna ƙofar, kamar mai fatan ta ƙaru. Ko da an sami wurin juya shi, ba zai wuce ba.

Sai dariya ta kama Baffa. Ya fara da kafaɗa, sa'an nan ciki, har ya dafa bango ya zame ya zauna a ƙasa.

"Bawana," in ji shi yana share hawaye, "rijiya kunka auna, ko? To ƙofa fa, wa kunka bar ma ita?"

"Rijiya ita ka ciwo," in ji Baba, fuskarsa ba ta motsa ba. "Ita munka auna."

"Kai da littattahanka, ɗanka da jami'a tai, da mai ƙarhen Jega, ku duka ukku! Aradu ko albasa za ni ɗauka sai na duba bakin buhu."

"Albasa ba ta hi ka wayo ba, shi ya sa kuke shiri."

Mutane suka fashe da dariya, har da ni. Na daɗe ina tunanin wannan kuskure, kuma ban ɗauke shi wauta ba. Ba mu manta da ƙofar ba ne. Tambayar ce ba ta taɓa zuwa mana ba. Tun kakanni, ba a taɓa yin sashen gida a wani gari a ce ya zo ya nemi hanyar shiga ba. Mun sayi sabon abu da tsohon tunani, kuma babu wanda ya isa ya ga hakan sai da siminti ya daki bango.

Aka kira maginin unguwa, dattijon da ya yi aiki da kakana. Ya duba ya ce ƙofar cikin tana jikin ƙafar bakan da ke riƙe da rufin zauren. In aka sare ta, shi ba zai kwana a ƙarƙashin rufin ba. Baba ya ce to ba za a taɓa ba. Aka duba ko za a ɗaga zobban a tsallake katanga, aka ga lungun da ke gefe ko jaki da kaya ba ya wucewa, balle a kafa wani abu. Ta gaba zaure da ɗakin Baba, ta baya gidan wasu da shi ma a kewaye yake. Aka watse ba tare da shawara ba.

Zoben nan ya zauna a zaure, domin Baba ya ce kada a sake kankare masa ƙofa sai an san inda aka dosa. Ya tsaya ne ramin tsakiyarsa yana kallon ƙofar ciki, saboda haka duk mai shiga gida sai ya ɗaga ƙafa ya bi ta cikinsa. Baba ya ci gaba da karatun safe a gefensa, almajiransa suna jingina sandunansu da shi. Sauran zobban suna waje, awaki sun mai da su wurin shan inuwa. Zafi ya tsananta. Da la'asar gajimare ya fara taruwa a gabas, ya yi duhu, ya watse. Manoma suna kallonsa da fata, mu muna kallonsa da tsoro. Kullum da safe sai a ji ɗan ɓarɓashin ƙasa ya faɗa cikin ruwan rijiyar.

Kowa ya san akwai hanya ɗaya, kuma kowa ya ƙi faɗa. Bayan gidan Baffa fili ne. In aka fasa katangarsa ta baya, aka ratsa tsakar gidansa, aka fasa wadda ke tsakaninmu, zobe zai mirgina har bakin rijiya. Baffa ya sani, ya yi shiru yana jira, domin taubashi ba ya ba da abin da zai iya sa a roƙe shi. Baba ya sani, ya kuma san cewa in ya roƙa, zai sha labarin a kowane suna da kowane ɗaurin aure har ƙarshen rayuwarsa. Bayan wannan, fasa katanga tsakanin gida biyu masu iyali ba ƙaramin abu ba ne a wurin mutum irinsa.

Inna ce ta yi magana. Ina zaune a tsakar gida Baba ya shigo ta cikin zoben, yana tattare riga. Ta ajiye masa fura, ta koma gefe ta zauna, ta yi maganar tana kallon tukwanenta.

"Malam, ni ban san siminti ba. Amma na san hadari. Wanga na jiya ya hi na shekaranjiya."

"Na gani."

"Ɗan'uwanka dariya za shi yi maka. To ya yi. Tun kuna yara yake yin ta, ban ga inda ta rage ka ba. Rijiya in ta zauna, ba ta tashi."

Baba ya sha furarsa har ya shanye. Ya dube ni ya ce in sa hula in raka shi.

Muka iske Baffa a zaurensa yana tsince albasar da ta fara laushi. Ya gan mu, ya gyara zama, ya yi fuskar wanda bai san komai ba.

"A'a, bawana da kai nai! Shara ka zo yi? Tsintsiya na nan bayan ƙofa."

"Katangarka nika so."

"Katangata? Aure za ka yi mata?"

"Ka san abin da ya kawo ni."

"Ban sani ba. Ni jahili na, sai an yi man hwassara. Ɗan boko, kai ma saurara, kai na shaida."

Sai da ya sa Baba ya faɗi buƙatar tun daga farko, kalma bayan kalma, har da cewa an auna rijiya ba a auna ƙofa ba. Baba ya faɗa, a natse, kamar yana karanta wa ɗalibi darasi. Da ya gama, Baffa ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Katangar baya a mayar masa da ita yadda take. Ta tsakiya kuwa ba za a toshe ta duka ba, a bar ƙofa, domin iyalinsa su riƙa ɗiban ruwa ba sai an zagaya ta titi an yi sallama a zaure ba.

Baba ya ce ƙofa tsakanin gida biyu tana kawo magana.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, wato Baffa ba ya dariya. Ya ajiye albasar da ke hannunsa.

"Uwarka da ubana gida ɗaya sunka tashi, kuma wanga gida na. Katangar nan bayansu anka yi ta. Ni ban ce a rushe ta ba. Ƙofa ɗai nika so."

Suka daidaita a kan cewa ƙofar ta mata ce, namiji baligi ba ya bi, kuma za a sa mata sakata ta kowane gefe. Da muka tashi, Baffa ya riga ya koma halinsa. Ya bi mu har waje yana faɗa wa masu wucewa cewa yau bawa ya zo gaisuwa.

Aka yi gayya. Tun da hantsi maza suka taru, na unguwa da almajiran Baba da masu lodin albasar Baffa, har da wasu Fulani da ke saye a wurin Inna, waɗanda suka ji labari a kasuwa suka zo da igiyoyinsu. Matan gida biyun suka koma ɗakunan can ciki suna girki, Inna ta fitar da sauran shinkafarta mafi kyau. Katangar ƙasa ba ta da wuyar fasawa. Aka sare ta da diga, aka tara ɓaraguzan gefe guda aka zuba musu ruwa, domin da su za a sake ginawa. Mai zubin ya zo daga Jega da ƙarafa masu ƙafa uku da sarƙa, ya kafa su a kan rijiyar, nesa da gefen da ya yi kogo.

Zoben zaure aka fara fitarwa. Aka mirgina shi ya zaga unguwa, ta gaban masallaci, zuwa filin bayan gidan Baffa, jama'a na biye da shi kamar ana kai amarya. Wani ya ɗauko waƙar turin kaya, aka amsa. Ya shiga ta gibin farko, ya ratsa tsakar gidan Baffa, zabi suna tashi sama suna ihu, ya bi ta kan albasar da aka manta ba a kwashe ba.

"Ku yi hankali, 'yan banza, dukiya ta!" in ji Baffa, wanda tun safe yake ba da umarni bai taɓa igiya ba.

"Ka auna albasa, ba ka auna hanya ba," in ji Baba.

Ihun da aka yi a wurin, ina jin an ji shi har bakin titi. Baffa ya kama baki, sa'an nan ya yi dariyar da ta fi ta kowa.

Saukar da zoben farko ita ce mai haɗari. Aka ɗaure shi, aka ɗaga, ya yi lilo a kan bakin rijiyar, ana tsare shi kada ya taɓa gefe. Ya sauka a hankali, sarƙa tana ƙara, har muka ji ya zauna cikin ruwa. Tsohon mahaƙin da ya rantse ba zai ƙara sauka ba ya leƙa, ya ce to yanzu akwai inda mutum zai tsaya ƙasa ba ta same shi ba. Ya tuɓe, ya sauka, yana daidaita kowane zobe a kan ɗan'uwansa, yana zagin na sama in sun yi gaggawa.

Ana tsakiyar aiki sai na ga Baba ya cire babbar rigarsa ya rataye a kan turmi, ya kama igiyar da ake daidaita lilo da ita. Ban taɓa ganin damatsansa a cikin jama'a ba. Almajiransa suka ruga za su karɓa, ya ce su nemi tasu. Na kama bayansa. Ina jin numfashinsa, ina ganin gumi yana bin ƙeyarsa, yana amsa waƙar ƙasa-ƙasa, shi da ban taɓa ji ya rera wani abu ba in ba karatu ba. Kafin la'asar zobe na ƙarshe ya fito sama da ƙasa. Aka dinga zuba tsakuwa da yashi a bayansu, ana dannawa da taɓarya. Aka ci shinkafa a manyan faranti, a tsakar gidan da ya zama ɗaya na yini guda.

Washegari aka mayar da katangar baya. Ta tsakiya kuwa Baffa ya aiko da ƙofar ƙarfe daga Jega, shiryayya da madogararta da sakatarta. Aka kafa ta tsaye ita kaɗai a tsakiyar gibin, aka tokare ta da itace, aka ce wa magini ya gina. Ya zagaya ta yana tsaki. Ya ce tun da yake, ƙofa ke jiransa ya gama, yau shi ake cewa ya bi ƙofa. Amma ya gina, kuma ya yi mata ado da yatsa a kan ɗanyen yaɓe, irin wanda yake yi wa ƙofar amarya.

Bayan wannan shekarar zobe ya bazu a unguwarmu, kuma duk wanda zai saya sai an tuna masa da zaurenmu. Masu sabon gini suka fara barin babbar ƙofa ta gefe. Wani daga cikin ma'aikatan mai zubin ya dawo Maiyama ya kafa tasa rumfar. Yau ƙofar da ke Aliero ita ce a Jega, ita ce a Dangamaji, faɗi ɗaya, tsayi ɗaya, fenti ɗaya. Ni kaina a gidan bulo nake, wanda aka sayo gaɓoɓinsa a bakin titi, kuma a bazara nakan fito waje in nemi iska. Wani lokaci nakan ce mun yi asarar gidajen da ke kama da masu su. Wani lokaci kuma nakan tuna cewa mai wannan kukan ba shi ne ke kwana kusa da rijiya mai kogo ba. Ban yanke hukunci ba, kuma ina zargin cewa daɗin da nake ji in na tuna zobban nan ba na siminti ba ne, na igiyar da na riƙe a bayan Baba ne.

Amma na yi gaba da labarin. Yaɓen sabuwar ƙofar bai gama bushewa ba ruwa ya zo. Da azahar ne. Iska ta fara, ta kwashe tabarmi da ƙwarya, gabas ta yi baƙi ƙirin, sa'an nan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Muna tsaye a ƙofar ɗakin Baba, ni da shi. Inna tana ƙofar nata ɗakin, wanda aka roƙe ta ta bari har a ga yadda rijiyar za ta kasance, ta ƙi. Ruwa ya cika tsakar gida, yana kwarara ta gindin rijiyar.

Can sai muka ji wani sauti daga ƙarƙashin ƙasa, mai nauyi, kamar an yar da buhu. Ƙasar da ke gefen rijiyar ta ɗan lotsa, ruwa ya taru a wurin yana juyawa. Kogon ne ya rufta. Baba ya fita cikin ruwan ba hula, na bi shi. Ya dafa bakin zoben da hannu biyu ya girgiza. Bai motsa ba. Ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙe, sa'an nan ya juya ya duba bangon ɗakin Inna daga sama har ƙasa. Babu tsaga.

Ta bayan sabuwar ƙofar muka ji muryar Baffa tana keta ƙarar ruwan.

"Bawana! Tana nan, ko in aiko da kwalekwale?"

"Tana nan!" in ji Baba, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

Inna ba ta jira ruwan ya ɗauke ba. Ta yafa zane a kai, ta fito, ta wuce mu kamar ba ta gan mu ba, ta je gindin bango ta kama babbar tukunyarta ta tayar da ita tsaye. Ta dube ni ta gefen ido.

"Kai wanga, tsayuwa ka zo yi? Kamo man buhun nan, yau za ni jiƙa."